Rajistar makarantar allo da ta koma alamun tambaya: nazarin lamarin wani ajin kwamfuta a Gadarif

Asalin lamarin

Gadarif garin dawa da riɗi ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, kuma Hausawa sun daɗe a cikinsa. Wasu hanyar Makka ce ta biyo da kakanninsu, suka yada zango, zango ya zama gida. Wasu zuriyar mutanen hijira ne na bayan yaƙin Burmi na 1903, irin waɗanda suka kafa Mai Wurno ta wajen Sinnar, daga baya 'ya'yansu suka bazu neman noma. Yaron da ya tashi a waɗannan unguwanni Hausa yake yi a gida, Larabci a makaranta da kasuwa. In zai rubuta Hausa, da haruffan Larabci yake rubutawa. Boko kuwa sai a waya, cikin saƙonnin 'yan uwa na Kano da Damagaram.

Malamin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne ɗan garin, yana koyar da darasin rumbun bayanai da gina shafukan intanet ga 'yan shekara ta uku a wata kwaleji. Ɗalibai Ustaz suke ce masa, haka za mu kira shi a nan. Abin ya faru ne a shekarun karatu biyu kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023.

A duk manhajar kwalejin, wuri ɗaya aka yi maganar yadda kwamfuta ke ajiye haruffa: rabin lacca a shekarar farko, inda ake nuna jadawalin ASCII, a ce harafin A lambarsa 65, a wuce. ASCII tsari ne da aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 gare shi, babu harafin Larabci ko ɗaya a ciki, balle ƙ ko ɗ. Duk da haka ɗaliban da tun suna yara da Larabci suke rubutu suka kai shekara ta uku suna riƙe da cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne (bayit shi ne ƙaramin gurbin da kwamfuta ke ajiye lamba ɗaya a ciki), domin abin da aka koya musu ke nan, kuma duk atisayen da suka yi da Turanci aka yi shi.

Aikin zangon shi ne rajistar wata makarantar allo ta unguwa, irin wadda mutanen Sudan ke kira halwa. Sunayen almajirai suna cikin manyan littattafai, idon dattijon malamin ya fara rauni, iyayen yara kuma wasu suna ƙauyukan Gadarif, wasu Makka da Jidda, wasu Nijeriya da Nijar. Aka tsara kowane yaro ya sami suna a rubutu uku: na Larabci yadda yake a takardun hukuma, na ajami yadda ake kiransa a gida, da na boko saboda iyayen da ke waje. Sai garinsu, lambar wayar uba, da izun da ya kai. Ustaz ya raba ajin ƙungiya-ƙungiya, kowacce ta gina nata da PHP, harshen rubuta manhaja, da MySQL, manhajar rumbun bayanai, a kan kwamfutar cinya, tunda wuta da intanet ba abin dogaro ba ne.

Mako na 1 zuwa na 4: komai lafiya a fuska

Aiki ya tafi daidai. Ana shigar da suna a shafin, ana nema, yana fitowa yadda aka rubuta shi. Babu wanda ya leƙa cikin rumbun, domin babu dalili.

A ƙarƙashi kuwa ɓarna ta riga ta fara. MySQL ɗin da suka saka tsohon yayi ne, kuma kafin fitowar 8.0 tsarin da yake zuwa da shi latin1 ne, na harsunan Yammacin Turai, har da jeren haruffa irin na Suwidin. Shafin yana aika bayit na UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan kowane harshe, rumbun yana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafin Turai mai zaman kansa ya ajiye, in an nema ya mayar da su yadda suka shigo, burawza kuma ta karanta su da UTF-8. Kuskuren shiga da kuskuren fita suka rufa wa juna asiri.

Mako na 5: ranar da aka buga takarda

Dattijon ya nemi a buga masa jerin sunayen a takarda. Wata ƙungiya ta fitar da fayil na CSV, aka buɗe shi da Excel a kwamfutar ofis mai Windows na Larabci, sai ga shara. Duk inda akwai ال ya koma ط§ظ„, duk inda akwai ƙ ya koma ئ™. Aka kai fayil ɗin nan dai kwamfutar wani ɗalibi mai Windows na Turanci, sai sharar ta sake kama: ال ya zama Ø§Ù„, ƙ ya zama Æ™. Ɗalibai suka kasu: masu cewa bairos ne, masu zargin firinta, masu cewa a sauya font.

Da aka tsananta dubawa sai wasu cututtukan suka fito. Gurbin suna da aka ƙayyade wa haruffa 20 yana ƙin karɓar sunan Larabci mai haruffa 11, saboda strlen, umarnin PHP mai auna tsawon rubutu, bayit yake ƙirgawa, kuma kowane harafin Larabci na yau da kullum bayit 2 ne a UTF-8. Inda aka datse dogon suna da substr, wani lokaci datsewar tana faɗawa tsakiyar harafi, sai wata baƙar alama mai ayar tambaya a cikinta ta fito a ƙarshe. Ɗahiru yana zuwa bayan Zubairu a jeri. Rabi'u da Isma'ila da Sha'aibu kuwa ko shiga ba sa yi, domin ɗaliban suna liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin SQL da ake ba rumbun, alamar hamzar da ke tsakiyar sunan sai ta rufe jimlar tun ba ta ƙare ba.

Mako na 6, gwaji na farko: ƙarin lacca

Ustaz ya ware lacca guda ya bi tarihin abin. Ya yi bayanin yadda kowane yanki ya cika sauran gurabe 128 da ASCII ya bari a cikin bayit da haruffansa, Larabawa da ISO 8859-6 da Windows-1256, Yammacin Turai da Windows-1252, har lamba ɗaya ta zama tana nufin harafi daban a kowace ƙasa. Ya zo kan Unicode da ya fito a 1991 don bai wa kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai, wanda daga baya gurabensa suka kai 1,114,112, da UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Ya yi ƙaramar jarrabawa, mafi yawa suka ci.

Mako ya zagayo babu ƙungiyar da aikinta ya gyaru. Da ya tambayi wata ɗaliba da ta fi kowa maki wane bayit ne a farkon sunanta cikin fayil ɗin, sai ta ce: "Ustaz, ai ba a ganin su." Babu ɗaya a ajin da ya taɓa buɗe fayil ya kalli lambobin da ke ciki.

Mako na 7 da na 8, gwaji na biyu: takardar dokoki

Lokaci yana tafiya, sai Ustaz ya rubuta takarda shafi ɗaya: a sa UTF-8 a kan kowane shafi, a mayar da hanyar haɗuwa da rumbun zuwa utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL, a mayar da teburan su ma, a bar strlen a koma mb_strlen mai ƙirga haruffa. Duk abin da ke takardar gaskiya ne. Sai dai ba ta faɗi wanda ake fara yi ba, ba ta kuma ce komai ba game da sunayen da suka riga suka shiga a karkace. Nan aka yi gyaran gangar Auzinawa.

Ƙungiya ta farko ta sauya hanyar haɗuwa kawai, ta bar teburan a latin1. Yanzu rumbun ya gane cewa Larabci ake ba shi, ya duba bai ga gurbinsa a latin1 ba, kuma ba a saita shi ya ƙi karɓa ba, sai ya riƙa maye gurbin kowane harafi da alamar tambaya. Shafin shigar da suna "an ajiye" kawai yake cewa, ba ya nuna abin da ya ajiye. Yaran nan suka yi darare suna zama a tsangaya bayan isha'i, babban almajiri yana faɗa musu sunayen gida da ba a taɓa rubutawa a littafi ba, suna shigarwa. Da suka buɗe jerin, layi bayan layi ???? ne. Wannan ita ce asarar da ba ta da magani, domin alamar tambaya bayit ɗaya ce, lambarta 63, ko harafin da ta maye mim ne ko sin, babu sauran alamar asalinsa.

Ƙungiya ta biyu ta mayar da teburan kai tsaye. Rumbun ya yi biyayya, ya ɗauki sharar da yake zaton haruffan Turai ne ya juya ta zuwa UTF-8 da kyau. Harafin ƙ da ke da bayit 2 ya zama Æ™ na dindindin mai bayit 5. Ana iya warware wannan, amma a lokacin ba su sani ba, har suka fara goge layuka suna sake bugawa.

Ta uku ta zaɓi utf8 maimakon utf8mb4, tana ganin duk ɗaya ne. A MySQL, abin da ake kira utf8 ba ya wuce bayit 3 ga harafi, shi ya sa aka ƙara utf8mb4 a 2010. Ba su ga illar ba sai ranar da aka kwafo bayanin wani uba daga WhatsApp da ɗan hoton hannuwan addu'a a tsakiya, wanda bayit 4 ne: duk abin da ya biyo bayansa ya yanke.

Ta huɗu ta bi komai daidai, sai dai wasu haruffan ajami suna fitowa a matsayin akwatuna marasa komai. Suka ɗauka lalacewa ce, suka goge. Alhali bayanan lafiyarsu ƙalau, font ɗin kwamfutar ne bai da zanen waɗannan haruffa.

Mako na 9: dabarar ɗalibai

Gajiya ta sa ɗalibai suka kawo tasu mafita: a cire lanƙwasa a rubuta k da d da b, ko a bi wasu jaridun Nijeriya a sa q da x da v, a share hamza daga sunaye, a bar ajami ba wasali. Nan take shafukan suka yi tsaf. Ustaz ya kai samfurin tsangaya, babban almajirin ya kasa karanta rabin sunayen ajamin, domin ajamin Hausa da wasali yake tsayuwa. Ustaz ya ƙi karɓar dabarar, amma a ranar ba shi da wata a hannu.

Mako na 10: zama da dattijo

Ya je ba da haƙuri kan jinkiri da kuma daren da aka yi asara. Ya ce: "Allah gafarta Malam, na'urar nan ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa a madadinsa. Wadda ta rubuta da jadawalinta, wadda ta karanta kuma da nata daban."

Dattijon ya ce: "To ai hisabi ke nan, ɗana. Sittin wane harafi ne?"

Ustaz, wanda makarantun Sudan suka rena, ya ce sin ne.

"A naku na gabas. A namu da muka taho da shi daga yamma, sittin sad ne, sin ɗari uku, shin dubu. Ku shin ɗari uku kuke ba shi." Ya jawo wata tsohuwar waƙar ajami ya nuna masa ramzin shekara a baitin ƙarshe. Ya ce wanda ya lissafa wannan ramzi da hisabin gabas zai zubar da shekara 700 a kan shin kaɗai, kuma marubucin bai yi kuskure ba, takardar ma ba ta lalace ba.

Ustaz ya koma aji da jadawalin hisabi biyu, na Magrib da na Mashriƙ. Ya rubuta jerin lambobi a allo, ya ba rabin aji jadawali ɗaya, sauran ɗaya, ya ce kowa ya fitar da kalmar. Aka sami kalmomi biyu daga lambobi iri ɗaya. Daga nan ya rubuta lambobin bayit biyu, C6 99, ya ajiye jadawalin UTF-8 da na Windows-1252 da na Windows-1256 kusa da juna, ɗalibai da kansu suka fitar da ƙ, da Æ™, da ئ™. Mai cewa bairos ne shi ya fara cewa ashe fayil ɗin ofis bai taɓa lalacewa ba.

Mako na 11 zuwa na 13, gwaji na uku: bayit a hannu

Ya dakatar da aikin rajista gaba ɗaya na mako uku. Wannan shawara ce mai tsada a zangon da saura kaɗan ya ƙare.

Makon farko takarda da biro. Kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da Larabci da boko, ya nemo lambar kowane harafi a Unicode, ya juya ta zuwa UTF-8 da hannu, sannan ya buga sunan a fayil ya buɗe da manhajar da ke nuna bayit, ya gwada da lissafinsa. Misalin da aka yi tare shi ne ƙ. Lambarsa U+0199, wato 409. A lissafin sifili da ɗaya 00110011001 ne. UTF-8 ya ce duk lambar da ta wuce 127 ba ta kai 2048 ba a raba ta gida biyu, a sa 110 a gaban kashin farko, 10 a gaban na biyu. Sai a sami 11000110 da 10011001, su ne C6 da 99. Haka ɗ ya ba da C9 97, ɓ ya ba da C9 93. Ɗahiru haruffa 6, bayit 7. Sunan محمد haruffa 4, bayit 8. In aka sa masa wasula da shadda yadda ake rubutu a allo, ido haruffa 4 yake gani har yanzu, amma lambobi 8 ne, bayit 16. A nan ne tambayar "nawa ne tsawon sunan?" ta daina zama mai amsa ɗaya a wurinsu, suka koyi tambayar wane tsawo ake nufi: na bayit, na lambobi, ko na abin da ido ke gani.

Mako na biyu ɓarna da gangan. Kowace ƙungiya ta lalata fayil ta hanyar da ta zaɓa, ta miƙa wa wata ta gano abin da aka yi da kuma ko zai gyaru. Kafin ƙarshen makon sun iya rarrabe alamu huɗun da a da duk "ya lalace" suke ce musu. Shara irin Æ™ na nufin an karanta da jadawalin da ba shi ba, bayanan na nan. Alamar tambaya tsura na nufin an zubar da harafin tun wajen rubutawa. Baƙar alamar nan, U+FFFD, na nufin an gamu da bayit da bai dace da tsarin ba, galibi datsewa. Akwati kuwa font ne kawai. Ƙungiya ta huɗu ba ta ji daɗin wannan darasi ba, ganin abin da ta goge da hannunta.

Mako na uku shi ya fi ɗaukar hankalin ɗalibai, saboda matsalolin da suka rage bayan bayit ya daidaita sun fi kusa da harshe. Neman أحمد ba ya kawo احمد, domin alif mai hamza da alif tsura lambobi ne daban. Alif mai hamzar ma ana iya rubuta shi da lamba ɗaya ko da biyu. Mutum biyu za su buga shadda da fataha, wannan ya fara da ɗaya, wancan da ɗaya, a ido babu bambanci, a bayit akwai. Daidaitawar da Unicode ke kira NFC tana warware biyun ƙarshe, amma haɗa alif mai hamza da tsura shawara ce da mai gina manhaja zai yanke da kansa. Wani ɗalibi ya kwafo dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamominsu don sauƙaƙa nema, ya ga ba ta taɓa ƙ ba. Dalili shi ne é yana rabuwa zuwa e da alama, amma ƙ da ɗ da ɓ cikakkun haruffa ne da ba sa rabuwa a Unicode, daidai da matsayinsu a Hausa. Hamzar Rabi'u kuwa fuska uku take zuwa da ita gwargwadon wayar da aka buga da ita, U+0027 ko U+2019 ko U+02BC, ga kuma 'y na Nijeriya da mutanen Nijar ke rubutawa ƴ.

Sai jagorar rubutu. Lambar waya mai tazara a tsakani, in ta shiga layin Larabci, rukunonin lambobin suna juyewa a ido, uba ya kira lambar da ba ita ba. Wani ɗalibi ya taɓa "gyara" irin wannan da strrev, wanda ke juya bayit, ya farfasa kowane harafin Larabci. Suka koyi cewa ana ajiye rubutu ne bisa jerin da ake furta shi, nuni kuma aikin burawza ne, abin da take buƙata kawai a killace mata kowane yanki da alamar shafi ta bdi ko a faɗa mata jagorarsa da ta dir. Saƙon tes ma ya shigo: saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka in duk haruffan suna cikin jadawalin GSM, amma da ƙ ɗaya ya shiga, ko Larabci, sai ya koma 70, in kuma ya zarce a yanka shi 67-67. Saƙon haruffa 150 mai lanƙwasa ɗaya kuɗin saƙo uku ne. Ga makarantar da sadaka ke riƙe da ita, wannan lissafi ba ƙarami ba ne.

Mako na 14 da na 15: gyaran rajista

Aka haɗa ƙungiyoyin a kan rumbu ɗaya, aka fara da kwafin ajiya. Sunayen makonnin farko an ceto su ta hanyar mayar da gurbin zuwa bayit tsura tukuna, sannan a sanar da rumbun cewa utf8mb4 ne, don kada ya juya komai. Na ƙungiya ta biyu aka mayar da su baya taki ɗaya, sannan aka bi wannan hanya. Umarnin SQL aka raba shi da bayanan da ake shigarwa, Rabi'u ya shiga, ƙofar kutse ma ta rufu. Fayil ɗin CSV aka sa masa bayit uku a farko, EF BB BF, waɗanda Excel ke gane UTF-8 da su. Aka saka font ɗin Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu na ƙasar Kano, da Harmattan, akwatunan suka zama haruffa. Jeri aka miƙa wa ICU, manhajar Unicode mai jera haruffa, da ƙa'idar Hausa, Ɗ ya dawo bayan D, Ƙ bayan K.

Don nema, aka ƙara gurbi na daban da ake cire wasula da jan layi, a haɗa nau'o'in alif, a mayar da hamza iri ɗaya. Sunan asali ba a taɓa shi. Abin da ya koma ???? da abin da aka goge, sai da aka sake zaman dare a tsangaya aka shigar da su daga baki. Dattijon ya karɓi takardarsa a makon jarrabawa.

Shekara ta biyu

Ustaz ya nemi a mayar da makonnin nan uku shekarar farko. Abokan aiki suka ce manhaja ta cika, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da ya samu ɗan lokaci ne a ɗakin gwaji, wanda ya isa lissafin suna da hannu da wasan ɓarna. Sai ya ƙara abin da ba ya cin lokacin kowa: fayil ɗin gwaji guda, mai sunaye da lanƙwasa, da hamza iri uku, da ajami mai wasali, da Larabci haɗe da lambar waya, da harafi mai bayit 4. Duk aikin da aka miƙa masa, ko na wane darasi ne, da wannan fayil yake gwada shi kafin ya ba da maki.

A cikin shekarar wani uba ya turo jerin sunaye daga Kano a fayil na Word, ko'ina } da ]. Ɗalibai biyu 'yan shekarar farko suka buɗe bayit ɗin, suka ga 7D da 5D, suka ce wannan ba shara ba ce, baka ce ta ASCII tsaf, don haka duk inda matsalar take ba a karatu take ba. Suka gano tsohuwar dabarar masu ɗab'i ce ta kafin Unicode ya yaɗu, inda ake zana ƙ da ɗ a gurbin waɗannan alamomi cikin font na musamman, da font ɗin ya ɓace sai asalin ya bayyana. Suka rubuta ɗan jadawalin musanya suka gyara, ba su nemi Ustaz ba sai da suka gama.

Hukunci

Laccar mako na 6 babu kuskure a cikinta, takardar dokoki ma haka. Ta farko ta bai wa ɗalibai sunaye da shekaru, ba ta sa sun taɓa abin da hannu ba. Ta biyu ta ba su umarni ba tare da hanyar gane halin da bayanansu ke ciki ba, kuma ita ce ta jawo asarar da ta fi kowacce, domin mutum ba zai san wane gyara ya dace ba sai ya san irin ɓarnar da ke gabansa. Abin da ya yi aiki shi ne ganin lamba ɗaya tana ba da haruffa daban a jadawali daban, da lissafa sunan kai da hannu har ya dace da abin da ke cikin fayil. Hisabin dattijon ya taimaka ne saboda ɗaliban sun riga sun san shi daga gida, amma da an tsaya a kansa ba a buɗe fayil ba, da shi ma ya zama wata laccar.

A ganina babban laifin na tsarin darasin ne. Littattafan da ake koyarwa da su an rubuta su ne inda ASCII ya wadatar da atisayen aji, sai aka kwaso har da wannan zato aka kawo wa ɗaliban da ko sunansu ba ya shiga ASCII. Ɗan Gadarif da ke rayuwa tsakanin Larabci da ajami da boko ya fi ɗan Landan buƙatar wannan ilimi tun makon farko, kuma ya fi shi kayan gwaji a hannu. Fayil ɗin gwajin ya fi kowace lacca tasiri a shekara ta biyu, saboda ya mayar da sunayen mutanen unguwa sharaɗin cin jarrabawa.

Akwai abin da har aka tashi ba a warware ba. Unicode ya ƙara haruffan fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warsh a 2016, ya kuma ƙara wasu na ajamin Hausa a 2020, amma allon bugun wayoyin almajirai ba shi da su, sai kowa ya ɗauki harafin da ya fi kama, suna ɗaya ya shiga ta hanya biyu ko uku. Haɗa عثمان da Usman da Usumanu da Osman a matsayin mutum ɗaya kuwa, babu jadawalin da zai yi shi. A rajistar an bar wannan a hannun babban almajiri, shi ke duba sunan uba da gari ya tabbatar kafin a haɗa layi biyu.